Shirun Inna Altine

Tun da na dawo ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba a ɗakin malamai. Wannan ta ce na yi baƙi, waccan ta ce ina ƙanshin man shanu, Mushe Sani, wato Malam Sani, kuma kullum sai ya tambaye ni ko yanzu na iya tatsa. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Kwana tara na yi, in ban da kai aikin Yamai ban ma fita daga jihar Maraɗi ba, amma na sha kunyar da ban taɓa sha ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Zeinabu, ina koyarwa a lakwal a nan Tasawa. Shekara uku ke nan ina jan rubutun kammala karatuna na ilimin harsuna a jami'ar Yamai, a kan yadda makiyayan yankinmu ke sauyawa tsakanin Fillanci da Hausa cikin zance. Sau biyu ana ƙara mini lokaci. Da na kai wa malamin da ke duba aikina abin da na rubuta, ya juya shafukan ya ce duk maganar littattafai ce, ina muryar mutanen? Ya ce in kawo masa hira ta gaske, wadda aka ɗauka a bakin masu ita, kafin a koma lakwal. In ban kawo ba za a soke sunana, karatun da na yi da goyo a baya ya tafi a banza. Ya ara mini ƴar rakoda, na sayi pil, wato batir, na rubuta tambayoyi ɗari da ashirin a tsaftace.

Na fara da garin Maijirgi, ko da yake ba hanya ɗaya ba ce, don in ga Kawu Malam Idi, yayan mahaifiyata. Shi ya san Fulanin ƙasar nan, da yawansu sun yi karatu a zaurensa. Na same shi yana ɓarar sabuwar gyaɗa dafaffiya. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya ce aikin nan namu ba sabo ba ne. Malaman nahawu na farko, in ji shi, a biranen Iraƙi suke, amma sukan ɗauki tawada da takarda su shiga jeji wurin masu kiwon raƙuma, su zauna suna rubuta abin da suka ji. In malamai biyu suka yi saɓani, makiyayi ake kira ya raba gardama. Na ce ai mu ma an koya mana haka, har da malaman Indiya na da can da suka bi kowane sauti suka faɗi inda yake fita a baki, da Turawan da suka daɗe suna gwama harsuna suna neman wane ya haifi wane, kafin su waiwayo su saurari masu rai. Kawu ya ce to, sun dai iso.

Shi ya ba ni sunan Inna Altine, tsohuwa a wata ruga bayan garin Sarkin Hausa, wadda marigayi mijinta almajirinsa ne. Ya ce in dai magana nake nema, wannan bakinta ba ya hutawa. Sannan ya karɓi takardar tambayoyina ya nisanta ta da idonsa.

"Su waɗancan watanni sunka yi cikin jeji. Ke kwana nawa gare ki?"

Na ce takwas. Ya yi dariya har da tari, ya ce in na je in zauna tukuna, kada in yi gaggawar tambaya. Na ce to, na ninke takardata na mayar cikin jaka.

Washegari na koma tashar Tasawa na shiga motar Mayahi. Mu goma sha wani abu ne a ciki, ban da buhunan albasa da wata akuya da ta ɗora haɓarta a kafaɗata. Wata mata ta ga rakodar ta tambaye ni ko ta awon ciwon suga ce. Kuskurena shi ne na yi bayani. Nan take motar ta zama makaranta. Wani dattijo ya ce babu abin bincike, Larabci ne harshen farko. Wani ɗan kasuwa ya ce Hausa ta gaskiya a ƙofar Katsina ta tsaya. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, da sarakunan Katsina suka fito da ita suka fito, tana Maraɗi da Tasawa, abin da aka bari can saura ne. Matar nan ta sake taɓa ni ta ce, in aka rufe jariri ba wanda ya yi masa magana, wane yare zai fara yi? Na ce an ce wasu sarakunan da ma sun yi wannan tunanin. Direba ya ce kuka zai yi.

A shingen jandarma aka sauke mu aka duba katin kowa. Wanda ya buɗe jakata ya ɗaga rakodar ya tambaye ni ko ƴar jarida ce. Na nuna masa takardar jami'a. Ya karanta, ya rage murya, ya ce shi Bazabarme ne, wurin matarsa ya koyi Hausa, kuma ƴaƴansa na yi masa dariya. Yana so in gaya masa tsakani da Allah ko Hausarsa gurguwa ce. Na ce a karatunmu ba ma cewa gurguwa, rubutawa muke yi yadda aka faɗa. Ya ce in ma rubuta wannan in ba shi ya kai gida. Bayan nan mota ta kafe a wani kwari da ruwan sama ya cika da taɓo, maza suka tura, mu kuma muka tsaya gefen gonar hatsi muna ba su shawara. Daga Mayahi na hau kabu-kabu, wato moton haya, na isa Sarkin Hausa da la'asar.

Na sauka wurin Mariyama, ƙawata tun koleji, wadda ba a daɗe da turo ta aikin ungozoma a likita, wato asibitin garin, ba. Ɗaki ɗaya gare ta, da katifa ɗaya, da kwalayen magani da ta mayar tebur. Ta yi mana dambu da zogale. Ita ta kai ni wurin ƴan kabu-kabu neman wanda ya iya Fillanci, don nawa Fillancin bai wuce gaisuwa da abin da ke cikin littafi ba. Aka nuna mana Buba, mutum ne mai kimanin shekara arba'in, siriri, da baƙin tabarau. Yana ta raha da mu har na ambaci Inna Altine. Sai ya dubi ƙasa.

"Na san rugar, Madam. Amma wani ba shi hi ba?"

Na ɗauka nisan hanya yake gudu. Na ce shi nake so, ya kai ni kuma ya yi mini tafinta. Ya sake cewa akwai wani abokinsa. Na haɗa shi da Allah da Annabi, na gaya masa karatuna ne a hannunsa. Ya ce to.

Da safe muka bi burtali tsakanin gonaki, hatsi ya fi mu tsawo dama da hagu, har muka fita fili. Tun ana hangen bukkoki da nisa Buba ya kashe moto ƙarƙashin wani gawo ya ce mu ƙarasa da ƙafa. Kafin mu isa ya cire tabarau, ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Tsohuwar na zaune tana kaɗa nono, muna jin muryarta tun daga nesa tana yi wa wata faɗa. Tana ɗaga kai ta gan mu, ta ja zane ta rufe fuska. Buba ya zagaya gefen bukka ya tsuguna ya ba ta baya. Suka yi doguwar gaisuwa ƙasa-ƙasa, shi yana kallon yashi, ita tana kallon ƙwarya.

Na ce a raina, kai, Fulani akwai ladabi. Na shimfiɗa tabarma, na nuna mata rakodar, na nemi izini, ta gyaɗa kai. Na fara da tambaya ta ɗaya. Buba ya fassara wa ƙasa. Inna ta ce e. Ta biyu, ta ce a'a. Ta uku, wadda na kwana biyu ina gyara ta, ta ce Allah ne masani. Aka kawo mana fura da nono mai sanyi, irin wadda ba a samu a Tasawa ko da roƙo. Na sha har na ji kunya. Buba ya ce ya ƙoshi. Rana ta take, ko ruwa bai kurɓa ba.

Ga abin da na rubuta a kayena, littafin rubutuna, ran nan, kuma na bar shi ban yage ba don ya riƙa tuna mini: "Makiyayan yankin nan ba su da yawan magana." Da hannuna na rubuta, ni da na ji muryarta tun daga gindin gawo. Yanzu in na ga irin wannan jimla a littafin wani babban masani, sai in tambayi kaina wa ke tsugune a bayan bukka ranar da ya je.

Rana ta biyu na zo da goro da sukari da ganyen shayi, ina zaton ban yi gaisuwar da ta dace ba. Ta sa albarka a cikin zane. Abin ya ma fi na jiya muni. Na tashi in amsa sallamar wasu mata, kafin in juyo wani maraƙi ya ja takardar tambayoyina ya tauna rabinta. Ba wanda ya yi dariya, sai dai na ga kafaɗun Inna na motsi. Da muka koma na kunna abin da na ɗauka wa Mariyama: kukan shanu, ƙudaje, da muryata ina ta tambaya kamar mai gwajin ƴan aji shida. Na lissafa kwanakin da suka rage, na ga biyar ne har da na hanya. Na yi kuka sosai. Na ma fara tsara yadda zan gaya wa maigidana cewa na haƙura da karatun.

Da hantsi ina shiri sai wata mata ta yi sallama, kyakkyawa, da goyo, ta ce sunanta Ramata, matar Buba ce. Ta daɗe tana gaisuwa tana murza bakin zanenta.

"Madam, don Allah ki sake shi. Kwana biyu ke nan yana dawowa kamar wanda anka doka."

Na ce me na yi masa?

"Tsohuwar da kike zuwa wurinta uwata ce."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Surukin Inna na ɗauka na tsugunar kusa da ita kwana biyu, na ce ya zama bakinta ita kuma ta zama bakinsa. Ba wai ban san kunyar surukai ba. Kakata takan sauya hanya in ta hango mijin ɗiyarta. Amma mu a gari abin ya yi sanyi, maigidana a tsakar gidan uwata yake shan shayi, har ya ce mata gishiri ya yi yawa a miya. Na tambayi Ramata me ya hana shi gaya mini. Ta dube ni kamar ban da hankali, ta ce ta yaya zai faɗa, ai sai ya ambace ta ke nan. Shekara ashirin da aurensu bai taɓa kiran sunanta ba, bai ci ba bai sha ba a gabanta, ita ma ba ta taɓa duban fuskarsa ba.

Da hira ta yi nisa ta gaya mini yadda Bafillace ya koma ɗan kabu-kabu. Bayan haihuwarta ta biyu ta kwanta ciwo wata da watanni. Buba ya riƙa kai shanunsa kasuwa ɗaya bayan ɗaya yana kai ta asibitin Maraɗi, har ya kai kan bajimin da ya gada wurin ubansa, wanda suke kira Ɓale. Ta warke, garke ya ƙare. Danginsa suka riƙa yi masa gori. Na ce Inna fa, me ta ce? Ta ce ba ta ce komai ba, ba kuwa za ta ce ba.

Na roƙe ta ita ta raka ni. Ta rufe baki tana dariya.

"Ni ce ɗiyar fari, Madam. In na je shirun ƙaruwa za shi yi."

"To wa zai yi mini tafinta?"

"Tahinta na mi? Inna tun tana budurwa take saida nono kasuwa. Hausarta ta hi taki."

Ran nan Buba ya ajiye ni a gindin gawo. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya juya moto da saurin da ban san yana da shi ba. Na ƙarasa ni kaɗai da jakar kayana. Inna ta leƙa bayana ta dama, ta leƙa ta hagu.

"Ke ɗai ce?"

"Ni kaɗai ce, Inna."

Ta yaye zanen ta jefar kan gado. "To zo ki zamna. Yarinya, kin kusa kashe ni. Kwana biyu magana na cikina ta rasa ƙohwa. Kunna abin naki."

Ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan lokacin ba. Na kunna, ban kuma sake yin tambaya daga takarda ba, ai maraƙi ya riga ya raba mu.

Kwana uku na yi a rugar. Na kwana a gadon kara cikin bukkarta, kaina kusa da jeren ƙoren da ba a yarda kowa ya taɓa ba. Da safe tuwon jiya da madara mai ɗumi, da rana fura, da yamma tuwon hatsi da man shanu har yana kwance a kai. Wanka a bayan wani sabara, da buta ɗaya. Na gwada tatsa sau ɗaya, Mushe Sani, saniyar ta waiwayo ta dube ni ta matsa gaba. Rakodar na rataye a wuyan Inna cikin ƴar jakar fata kamar laya, da yardarta da ta matan da ke zuwa, har suka manta da ita. Ta yi wa shanu kirari da Fillanci, ta yi faɗa da mai gonar da ke kusa da Hausa, ta ba da labarin shekarar da fari ya kashe musu dabbobi, tana farawa da wannan harshe tana ƙarewa da wancan. Da na kunna mata muryarta, ta ce wace tsohuwa ce wannan mai surutu haka.

Ita ma tana da nata ilimin harsunan. Ta ce shanu ba su jin Hausa, kasuwa kuma ba ta jin Fillanci. Ta ce Fillanci harshen gida ne, shi ya sa kunya ta yi masa yawa, akwai maganar da in ka ɗauko ta da shi sai ta tsaya a maƙogwaro. Hausa kuwa ta baƙi ce, ba ta san kowa ba, komai ka ɗora mata za ta kai. Shekara uku ina kewaya wannan batu a shafi sittin ban faɗe shi haka ba.

Ranar da zan tafi, da hantsi, ta kore matan ta ce su je su duba maruƙa. Ta ciro rakodar daga wuyanta ta riƙe da hannu biyu.

"Abin nan, in na yi magana ciki, yana kai ta ga wanda na ce?"

Na ce yana kaiwa. Ta ce to wannan ba ta malaminki ba ce, ta mai moto ce, kuma kada in kunna masa sai mun yi nisa. Ta juya wa rakodar gefen fuska, ta yi magana da Hausa, a hankali, ba ta fi ta minti biyu ba. Ba zan rubuta abin da ta ce ba. Godiya ce, kuma ta ambaci Ɓale da sunansa.

Ba zan ɓoye muku ba, ina tafiya zuwa gindin gawo zuciyata na raya mini abubuwa. Duk abin da na ɗauka babu hujjar da ta kai wannan. Tsohuwa ta bar harshen uwarta ta ari na kasuwa don ta faɗa wa surukinta abin da ta riƙe shekaru, ai malamina da ya ji sai ya miƙe tsaye.

Buba na jira. Muka hau, muka wuce burtali, sai da rugar ta ɓace na ce ya tsaya, an ba ni saƙo. Da ya ji daga wa, ya kashe moto ya sauka. Ya cire tabarau, ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin hanya ya ba rakodar baya. Na kunna na ajiye a kan sirdi, na matsa cikin gona ina duban zangarniya kamar na san wani abu game da hatsi. Da ta ƙare ya daɗe bai tashi ba. Ya amsa mata da Fillanci, kalma biyu ko uku, ƙasa-ƙasa. Sannan ya goge fuska da hannun riga ya ce rana na yi, mu tafi. A Sarkin Hausa mai cajin salula ya tura masa saƙon cikin salularsa, ni kuma na goge shi daga rakodar a gabansa.

Na isa Yamai ana saura kwana ɗaya. Malamin ya sa abin ji a kunne ya saurara, ina zaune ina kallon agogon bango. Ya yi dariya a wurin faɗan gona, ya mayar baya ya sake ji. Ya ce yanzu na kawo aiki, in je in rubuta. Da yake duba jerin hirarrakin da ke rakodar, ya ce daga lamba goma sha shida an tsallaka zuwa sha takwas, ko ɗaya ta lalace ne? Na ce a'a, wannan ba tawa ba ce, na kai ta ga mai ita. Ya dube ni ta saman gilashi, ya sa hannu a takardar karɓar aikina.

Shekaranjiya Mariyama ta kira ni. Ta ce Ramata ta kawo yaro awo, ta ce a gaishe ni. Inna na nan lafiya, sun haɗu da Buba a wajen wani suna, ta ja zane ta rufe fuska, shi kuma ya sauya hanya, kamar kullum. Amma kowace safiya kafin ya fita da moto yakan shiga ɗaki ya kunna salula. Ramata ta ce har yau bai taɓa kunna ta da takalmi a ƙafarsa ba.